Taurin Malam da Allurar Mura

Shekara arba'in da ɗoriya ina gidan Malam a Limawa, kuɓewa ba ta taɓa shiga tukunyata ba. Ni kuwa 'yar gidan kuɓewa ce, a bayan ɗakin uwata ake tsinkarta a yanka tana ɗanya sharaf, amma aka ɗauko ni aka kawo gidan da ko sunanta ba a son ji. In maƙwabta sun tambaya sai in ce ba ya so ne, tana tayar masa da zuciya. Ba haka ba ne. Malam ɗan tauri ne, kuɓewa kuma ita ce makarin taurinsa. Ranar da ta wuce maƙogwaronsa, ranar ƙarfe zai fara kama shi kamar kowa.

Sunansa ba na bakina ba ne, kun sani, mijina ne na fari kuma shi ne na ƙarshe. Mutanen gari Gagara-Wuƙa suke ce masa. Tun yana saurayi wani tsoho a wani ƙauye can bayan Taura ya haɗa musu maganin suka sha, shi da wasu abokansa. Zamanin da ake wasa, in an yi sallah ko bikin wani babba, Yahuza Maiganga zai saki kiɗa, Malam ya fito daga shi sai wando, ya ɗora wuƙar fawa a ciki yana gurzawa, ya kai ta wuya, ya tauna reza ya furzar. Mata na guɗa, maza na ɗaga sanda. Ni ina gefe ina tunanin wankin da ke jirana, don duk ƙurar filin nan a wandonsa take dawowa gida.

Ban taɓa yarda da abin nan ba, kuma ban ɓoye masa ba. Na sha gaya masa cewa wuƙaƙen nan nasa ko albasa aka ba su sai sun yi gumi. Sai ya ce mace ba ta san sirrin maza ba. In ce na sani mana, sirrin maza shi ne a hana baiwar Allah miyar da ta tashi da ita. In kwaɗayi ya ishe ni sai in yafa mayafi in shiga gidan Huseina maƙwabciyata in ci in ƙoshi, in wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, in kuskure baki, sannan in dawo. Duk da haka sai ya shinshina iska ya matsar da tabarmarsa.

Da shari'a ta zo aka daina kiɗa a fili, wasan ya mutu murus. Wuƙaƙe suka koma bango a rataye, gangar Yahuza ta shige ƙarƙashin gado. Na ce alhamdu lillahi, yau kam zan ci kuɓewa a tsakar gidana in miƙe ƙafa. Ina! Malam ya ce wasa aka hana, ba a hana tauri ba. Lokacin tsufa ya riga ya kama shi, gona ya bar wa yara, gwiwoyi suna ƙara in zai tashi. Amma in ya bi ta majalisa wani ya ɗaga murya ya ce Gagara-Wuƙa, sai ka ga bayan nan ya miƙe, tafiyar ta canza. Abin da ya rage masa ke nan a duniya, shi ma ya sani, ni ma na sani.

Ana nan sai Allah ya kawo kiran Makka. Autarmu Fiddausi tana aure a Takur, mijinta Abdulbaƙi ma'aikacin gwamnati ne, su suka samar mana kujera mu biyu. Hajjin shekarar a tsakiyar sanyi ya faɗo. Abdulbaƙi ya zo da hantsi, ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna nesa da tabarmar surukinsa yana kallon ƙasa, ya yi mana bayani. Ya ce kafin a tashi sai an yi wa maniyyata allurar rigakafi. Ta sanƙarau kowa da kowa, mu tsofaffi kuma za a ƙara mana da ta mura. Ya ce can mutanen duniya ne kaf suke haɗuwa, kowa da irin tarinsa, tsohon da ƙirjinsa ba ƙwari sai ya ƙare aikin Hajjinsa a gadon asibiti. Wannan kam ba sai an gaya min ba. Sanyin da ya wuce mura ta sauka wa Malam a ƙirji, ya yi kwanaki yana numfashi kamar zugazugi, har na fara tunanin wane zani zan yi takaba da shi.

Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya da me ake ƙera allurar. Abdulbaƙi ya ce da ƙarfe, Baba. Malam ya gyaɗa kai a hankali ya ce to akwai matsala.

Kada ku ce tsoro ya ji. Wallahi da tsoro ne da na fi kowa jin daɗi. Shi damuwarsa allurar ba za ta shiga ba. Ya tambaya ko za a iya tsiyaya masa maganin a kofi ya sha. Abdulbaƙi ya ce ba a sha. Ya ce to a ɗiga masa a baki yadda ake yi wa jarirai. Aka ce wannan daban ne. Ya ce to a ba shi ya shafa, ai jikinsa na karɓar magani ta fata. Yaron nan yana tsugune, kansa a ƙasa, kafaɗunsa na rawa, ga dariya ta cika shi ga surukuta ta danne. Da na ga zai shaƙe sai na yi masa dariyar, na yi ta da ƙarfi har da tafa hannu. Da zai tafi ya bar mana magana guda, cewa wanda ba a yi wa allura ba, ba ya hawa jirgi.

Daga ranar Malam ya shiga wani hali. Tuwo ya taɓa kaɗan ya ture. Ya zauna gindin dabinon tsakar gida yana murza damtsensa yana kallo, sai ka ce wani ne ya ba shi ajiya. Na ce masa abin ai mai sauƙi ne, ga basillar da nake ɗinke buhu, ya kawo hannun in gwada, in ta lanƙwashe na yafe. Har na ɗauko ta ina gogewa a zani. Ya harare ni ya ce ba a gwada tauri don wasa. Na ce to shekarun nan da ka yi kana gurza wuƙa a gaban jama'a, karatu kake yi? Ya ce wannan da ganga ne.

"In na je suka karya allura biyu, uku, suka ce Baba koma gida," in ji shi, "sai ki tafi ki bar ni?"

"Tafiya zan yi mana, Malam. In sayo maka hula."

Bai yi dariya ba. Ni ma daga baya na ji ba daɗi, amma ba na mayar da magana in ta fita.

Wata safiya bayan ya dawo daga masallaci ya sauko da wuƙaƙen daga bango. Ya goge su ɗaya bayan ɗaya da man gyaɗa, ya naɗe a tsohon buhu, ya tura bayan randa. Ina shara ina kallonsa ta wutsiyar ido. Da ya gama ya zo ya tsaya a kaina, ya yi gyaran murya.

"Larai, yau ki yi mana miyar kuɓewa."

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na sa ya maimaita, ba don ban ji ba, don dai kunnena ya more. Ya maimaita. Ya ce ya yi tunani, tauri ba zai tsaya tsakaninsa da Ɗakin Allah ba. Kuma in ya karye ya karye ke nan har abada, don tsohon da ya haɗa musu ya daɗe da rasuwa, ba wanda ya gaji haɗin. Sharaɗi ɗaya ya kafa min, kada kowa ya ji, har Yahuza. Ya ce makarin ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai sauran abokansa da suka sha daga ƙwarya ɗaya, in maganar ta fita kowane ɗan iska zai iya zuba musu a abinci. Yanzu duk sun kwanta dama, shi ya sa kuka ji bakina.

Ban aiki kowa ba, da ƙafata na je kasuwa. Na tsuguna gaban mai kayan lambu na zaɓi ƙananan nan masu laushi, waɗanda in ka karya wutsiyar sai ta ce ƙas. Huseina ta gan ni da su na ce mata Fiddausi ce ke kwaɗayi. Na dawo na kulle ƙofar gida. Na yanka su siri-siri, na daka daddawa da barkono, na sa naman da na daɗe ina ɓoyo, na jefa kanwa don ta yi yauƙi da kyau. Na tuƙa tuwon dawa mai laushi, na kwarara man shanu. Ina yi ina 'yar waƙata ƙasa-ƙasa, shi kuma yana ɗaki yana nafila kamar wanda za a fita da shi.

Da na ajiye kwanon ya daɗe yana kallonsa. Ya yi bismilla sau ba adadi. Ya yanko tuwo ya tsoma, ya ɗago, miya ta biyo shi. Ya ƙara ɗagawa, ta ƙara biyowa. Ya miƙe hannu har sama da kansa, zaren nan bai tsinke ba, wani ya sauka a gemu, wani a gaban riga. Jama'a, dattijo mai jikoki, wanda ya tauna reza a gaban hakimai, bai san yadda ake yanke yauƙi ba. Sai da na zauna kusa da shi na nuna masa yadda ake murɗa wuyan hannu a datse da ɗan yatsa. Ya rufe ido ya kai lomar baki ya haɗiye, ya tsaya yana sauraron jikinsa.

Na tambaye shi me ya ji. Ya ce ya ji wani abu ya saki a tsakanin kafaɗunsa. Na ce tuwo ne ya sauka. Ya kai ta biyu, ya kai ta uku. Can sai na ga lomar ta fara girma. Ya share kwanon tas, ya suɗe yatsu, sannan ya dube ni da wani irin ido na wanda aka cuta.

"Dama haka take?"

Na ce haka take, kuma haka take tun ranar da aka kawo ni gidan nan. Na yi niyyar in ƙara masa da wasu maganganun da na daɗe ina tarawa, amma na ga ya juya yana kallon ƙusoshin da wuƙaƙen suka bari a bango. Tausayinsa ya ɗan taɓa ni, sai na kwashe kwanuka na ba shi wuri.

Ranar allura Abdulbaƙi ya kai mu asibitin da aka tara maniyyata, ya wuce ofis. An raba layi, maza daban mata daban. Mu tsofaffi aka ware mu a wani ɗaki mai faɗi da aka raba da labule, maza ta can wajen wani malamin asibiti da ake kira Monday, mata ta nan wajen wata nas, Juliana. Mutanen Jos ne su biyun, sun daɗe suna aiki a Dutse, Hausa a bakinsu kamar a nan aka yanke musu cibiya.

Abin da ba mu sani ba, Yahuza Maiganga ya ji labari. Tun da aka ajiye ganga bawan Allahn nan yake neman inda zai huce, sai ga dama ta samu. Ya zo da hularsa ta zamanin wasa, ya kwaso tsofaffin majalisa, ya bi layin maza yana raɗa wa mutane cewa yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba, Gagara-Wuƙa ne za a kai wa allura. Kafin a kira mu tagogin ɗakin sun cika da kawuna, har masu sayar da rake da direbobi. Ganga ba halin a kawo, sai yake kaɗa cinyarsa da tafin hannu a hankali, irin kiɗan da yake yi wa Malam in zai shiga fili. Malam ya ji, na san ya ji, don na hango ƙafarsa tana motsi a ƙarƙashin benci. Bai ɗaga kai ya dubi taga ba.

Ni aka fara kira. To, a nan sai ku yi min uzuri. Ban taɓa cewa ni 'yar tauri ba ce. Da na ga Juliana ta ɗaga sirinji tana ɗan matsawa ruwa na tsartuwa, sai na ja da baya. Na tambaye ta ko ta murar nan dole ce, tunda ni mura ba ta cika kama ni ba. Ta ce Mama, shekarunki ne suka sa, ba halinki ba. Na kau da kai, na damƙe gefen rigarta, na karanto duk abin da na haddace har da addu'ar shiga kasuwa. Tana tsira min na saki wata ƙara da ban san ina da ita ba. Daga bayan labule na ji muryar Malam yana ba mutane haƙuri, wai iyalinsa ce, haka take. Wato ko a ranar da zai rasa komai sai da ya samu abin da zai rama da shi.

Ana gama min na ƙi tashi. Na ce jiri nake ji, na matsa jikin labule na sa ido a inda ya ɗan yage. Aka kira sunan nan da ba na faɗa. Malam ya tashi, ya cire babbar riga ya ninke, ya zauna, ya naɗe hannun 'yar ciki har kafaɗa. Damtsen da na sani kamar turmi ya zama fata da jijiya. Tagogi suka yi tsit, sai kiɗan cinyar Yahuza kawai kake ji yana ƙara sauri. Monday bai san wainar da ake toyawa ba, ya goge wurin da auduga, ya kama fatar, ya tsira.

Allurar ta shige kamar an sa yatsa a man shanu. Hannun Yahuza ya tsaya a sama. Monday ya zare, ya zagaya ɗaya hannun ya yi ta biyun, ita ma haka. Wani ɗan jini ya tsatso ya tsaya kamar ƙwayar gero. Shekara arba'in da ɗoriya, ranar na fara ganin jinin mijina. Shi ma ya sunkuya yana kallonsa.

Wani a taga ya tuntsire da dariya, wani ya ce ashe tauri ma yana tsufa. Raina ya ɓaci, na ji kamar in yaye labulen in gaya musu abin da ya ci da wanda ya dafa. Amma Malam ko gezau. Ya zauna daram, kansa a sama, yana danne audugar da yatsa. Ya san abin da ya bayar da kuma Wanda ya ba, dariyar 'yan rake ba ta dame shi ba. Wallahi a lokacin ya burge ni fiye da duk ranakun da ya yi yana gurza wuƙa.

Da a nan aka tsaya da lafiya lau. Sai Monday ya lura da dariyar, ya tambayi na kusa, aka gaya masa ko wane ne. Yaron kirki ne, ya ga an kunyata dattijo a hannunsa, ya so ya rarrashe shi. Ya rage murya, amma ina jikin labule, ba abin da ya wuce ni.

"Baba, kada ka damu. Duk shekara ina yi wa 'yan tauri, daga ƙauyuka ma ake kawo su. Ban taɓa ganin wadda ta lanƙwashe ba."

Malam ya ɗago. "Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Baba."

"Suna yin wani abu ne kafin su zo?"

"Me za su yi? Hannu kawai suke miƙowa. Wani ma da gurunsa a ƙugu nake yi masa."

Ya faɗa yana murmushi, ya ɗauki sabon sirinji ya kira na gaba. Na ga fuskar Malam ta sauya. Ba fushi ba ne, na san fushinsa. Ya tashi ya ɗauki babbar rigar, ya kasa gano wuyanta, yana ta juya ta a hannu har wani tsoho ya taimaka masa.

A waje kuwa Yahuza ya riga ya farfaɗo. Mun fito mun same shi a tsakiyar mutane yana rantsuwa cewa allurar nan ba ƙarfe ba ce. Wai shi ya gani da idonsa, fara ce sol, da ƙashin kifi Turawa suke yin ta musamman saboda irin su Gagara-Wuƙa, kuma kowa ya san tauri ba ruwansa da ƙashi. Wasu suka ce haka ne, dama sun taɓa ji. Wani direba ya ce shi ya sa take da zafi. Kafin Abdulbaƙi ya dawo ɗaukarmu an kusa gama yarda, har wani ya ɗaga murya ya kira sunan nan na wasa. Malam ya ɗaga hannu ya amsa, amma bayan bai miƙe ba.

Muka shiga mota. Abdulbaƙi yana ta bayanin cewa hannun zai ɗan yi tsami, wataƙila a ji zazzaɓi kaɗan, kada mu damu. Ni ce nake amsawa. Da muka isa gida Malam ya yi alwala ya yi la'asar a ɗaki, bai fita masallaci ba. Ya fito ya zauna gindin dabino, audugar nan har yanzu tana hannunsa, yana juya ta yana kallon ɗigon da ya bushe. Na kawo masa ruwa bai sha ba. Na yi masa tsiyar cewa ya ji ƙarata ya tona min asiri a gaban maza, ko zai tanka mu yi faɗanmu na kullum. Ko juyowa bai yi ba. Tsoro ya kama ni, don ban taɓa ganin Malam ya bar faɗa ya wuce shi ba.

Na ɗauko tsintar shinkafa na zauna nesa kaɗan. Can ya kira ni, ba da muryar da yake kirana in kawo abu ba.

"Larai."

"Na'am, Malam."

"Ke ba kya ɓoye min magana. Tsakaninki da Allah, kuɓewar ce ta karya shi, ko dama can babu komai?"

Ga amsar a bakina, tun ina amarya nake ba shi ita ba tare da ya tambaya ba. Yau ga shi ya tambaya da kansa, ya buɗe min ƙofa, ba Yahuza ba jama'a. Na dube shi. Na ga tsoho da 'yar ciki, hannu biyu a kumbure, yana jiran matarsa ta gaya masa ko shekara hamsin ɗinsa wani abu ne. Na so shi a lokacin nan fiye da yadda zan iya faɗa muku.

Na ajiye faifan na gyara ɗaurin zani.

"Wace irin tambaya ce wannan, Malam? Kuɓewar ce mana. Ni na zaɓo ta, ni na dafa, na san hannuna. Kanwar da na zuba ko taurin giwa ne sai ya narke."

"Amma yaron nan ya ce..."

"Yaron nan yana bin su gida ne ya ga abin da matansu ke dafa musu? Kai kaɗai ne mai son zuwa Makka? Kowa da makarinsa, kowa ya ci nasa ya yi shiru, yadda ka yi."

Na ci gaba da cewa ni da na ga wuƙar fawa tana santsi a cikinsa ba sau ɗaya ba, ba wani ɗan jiya da zai zo ya gaya min. Ya dube ni, ya san bakin da ke maganar, ya san abin da bakin nan ya saba faɗa. Ban kau da ido ba. Kuma har gobe in kun tambaye ni, abin da zan ce ke nan.

A hankali ya gyara zama. Ya ce dama tun a loma ta biyu ya ji shi yana fita ta tafin ƙafa, bai dai faɗa min ba ne don kada in yi masa dariya. Na ce ai na ga alama. Ya jefar da audugar, ya ɗauki ruwan ya sha. Sannan ya ɗan yi tunani, ya rage murya kamar akwai mai jin mu, ya ce irin wannan maganin mai ƙarfi ba a sakankancewa da shi, yana iya dawowa. In akwai sauran kuɓewar gara a riƙa yi kullum har mu tashi, kada a je can a buƙaci wata allurar ta ƙi shiga.

Na ce akwai saura. Na tashi na hura wuta.